Roba ta yi wa duniya yawa: Adar ta ɗauki tiyo da buhu, ta bar leda

A watan Afrilun 2024 kamfanin ExxonMobil ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa ta sinadaran roba da ke Gravenchon a Faransa. A Yulin 2025 kamfanin Dow ya ce shi ma zai rufe tasa ta Böhlen a Jamus. Wata ɗaya bayan haka manyan kamfanonin Koriya ta Kudu suka amince su rage sarrafa nafta, sinadarin man da ake yin roba da shi, da abin da zai iya kai tan miliyan 3.7 a shekara, wato wajen rubu'in ƙarfin ƙasar gaba ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Duniya ba ta taɓa cin roba kamar yanzu ba: ana ƙera fiye da tan miliyan 400 a kowace shekara, ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki kuma ta yi hasashen cewa in aka ci gaba a haka, amfani da ita zai kusan ninkuwa sau uku kafin 2060. Abin da ya ci waɗancan masana'antu shi ne an gina sababbi da yawa fiye da abin da kasuwa za ta iya shanyewa, sababbin kuma sun fi tsofaffin arhar aiki.

Mai karatu a Tawa zai iya cewa ina ruwansa da Jamus. To, ya zagaya kasuwar Lahadi ya duba. Butar alwala, bokiti, bidon 'yan garuwa, tabarmar masallaci, silifa, igiyar guga, kujerun da ake haya ranar suna da biki, duk daga tushe ɗaya suke. Ana ɗaukar nafta, wadda ake samu wajen tace ɗanyen mai, ko kuma iskar etan da ake cirewa daga gas, a dafa ta da zafin da ya haura digiri 800 har ta farfashe ta ba da etilin da furofilin. Daga etilin ake yin foli'etilin, robar leda da bido da tankin ruwa. Daga furofilin ake yin folifurofilin, robar buhun saƙa da tabarma da kujera. In aka haɗa etilin da sinadarin kulorin sai a sami PVC, wato tiyon ban ruwa. Yawancinsu suna barin masana'anta ne a matsayin ƙwaya, 'yan ƙanana kamar tsabar shinkafa, a buhunan kilo 25. Wannan ƙwayar ita ce hajar da duniya ke ciniki, farashinta kuma shi ke bin hanya har ya iso rumfar mai bokitai a Tawa.

Masu etan su ne suka fi kowa sa'a. Amurka, tun da ta soma haƙo gas daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, etan ta yi mata yawa har tana loda ta a jirage tana sayarwa, kusan rabin abin da take fitarwa kuma Sin yake tafiya. Saudiyya da Katar da Daular Larabawa su ma gas ɗinsu na da arha. Turai da Japan da Koriya kuwa nafta suke dafawa, ita kuma tana bin farashin ɗanyen mai sawu da ƙafa, ga wuta da gas sun yi wa Turai tsada tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022. Sin ta bi wata hanya dabam. Ta gaji da sayen ƙwaya daga waje, ta yi ta gini ba ƙaƙƙautawa har ta wuce Amurka a ƙarfin yin etilin, yau kusan kashi ɗaya cikin uku na robar duniya a can ake yin ta. Kasuwar da kowa ke wa dako ta koma mai sayarwa.

Kuma ginin bai tsaya ba, domin kamfanonin mai sun ga inda iska ta dosa. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a Sin masu amfani da lantarki ne. In mota ta rage shan mai, dole gangar mai ta nemi wata ƙofa. Tun 2018 hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce sinadaran da ake samu daga mai za su ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarin buƙatar mai zuwa 2030, da kusan rabi zuwa 2050. Shi ya sa taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar rage gurɓatar roba ya watse ba sakamako a Busan a Disambar 2024, ya sake watsewa a Jeniba a Agustan 2025. Ƙasashe fiye da ɗari sun so a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, manyan masu mai suka ƙi.

Abin da nake karantawa a wannan lissafi shi ne, shekaru masu zuwa ƙwayar roba za ta wadata, masu ita kuma za su yi ta neman inda za su sauke, Afirka tana kan gaba a jerin. Farashi zai riƙa tsalle, wannan babu makawa. Yawancin ƙwayar ƙasashen Larabawa ta mashigin Hormuz take fita, duk rikicin da ya taɓa wurin zai ɗaga kuɗinta, kamar yadda hare-haren Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 suka tilasta wa jirage zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, kuɗin dako ya hau. Amma masana'antun da aka riga aka gina suna nan, kuma mai masana'antar biliyoyin daloli ba ya son ganin ta a kashe.

Mu a Nijar ina muka tsaya? Muna haƙo mai a Agadem. Matatar SORAZ ta Damagaram tana tace ganga 20,000 a rana tun 2011. Bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin an yi shi ne don fitar da ganga 90,000 a rana, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ɗanye muke sayarwa, bokiti muke sayowa. Wannan yana ci wa mutane da yawa rai, ni ma yana ci mini, shi ya sa labarin matata ta biyu da masana'antar sinadarai a Doso, da aka sa wa hannu a 2024, ya faranta wa jama'a.

Matata daban, masana'antar fasa nafta daban. Kan matatar ba ni da ja, ƙasar da ta sha layin mai a gidajen mai ta san darajarta. Ɓangaren yin ƙwayar roba ne nake roƙon a auna da kyau. Masana'antar da Katar ke ginawa a Ras Laffan tare da kamfanin Chevron Phillips an ƙiyasta ta a dala biliyan 6, wato sama da miliyar 3,300 na sefa. Kasafin kuɗin Nijar na 2025 gaba ɗayansa miliyar 3,000 ne da 'yan kai. Ta Katar za ta ba da etilin tan miliyan biyu a shekara, a bakin teku, da gas mai arha. Tamu ƙarama za ta zama, a tudu, nesa da tashar jirgin ruwa, tana dafa nafta, wato irin waɗanda Faransa da Jamus da Koriya ke rufewa. Ban ga hanyar da za ta yi gogayya ba, sai dai a kare ta da haraji mai nauyi, wanda a ƙarshe manomi ne zai biya a kuɗin tiyo.

Ga kuma maƙwabcinmu. Tun Maris 2025 matatar Dangote a Legas ta soma fitar da folifurofilin, ƙarfinta tan 830,000 a shekara, abin da ya zarce buƙatar Najeriya nesa ba kusa ba. Masana'antar Indorama a Eleme, kusa da Fatakwal, ta daɗe tana yin foli'etilin da folifurofilin. Ƙwayar da za mu kashe kasafin shekara guda don mu yi, tana iya shigowa ta Illela zuwa Ƙonni a bayan babbar mota.

A ganina matakin da ya dace da mu shi ne na biyu: mu sayi ƙwaya mu mayar da ita kaya. Injin fitar da tiyo, injin saƙa buhu, injin busa bido, waɗannan jarinsu bai fi ƙarfin gungun 'yan kasuwar Adar ba, su ne kuma ke ɗaukar ma'aikata da yawa. Kasuwar tana ƙofar gida. Wanda ya je fadamun Galmi ko Madawa ko Tabalak a lokacin rani ya san yadda ake aiki: injin ban ruwa a bakin rijiya, tiyon PVC binne a ƙasa, kawunansa sun leƙo nan da can tsakanin fangalin albasa, manomi ya buɗe wannan ya toshe wancan da tsumma. Kafin zuwan tiyo, ruwa mai yawa rairayi ke shanye shi a cikin lambatu tun bai kai ga shuka ba. In tiyo ya tsage, za ka ga an naɗe shi da tsohon tif na babur, domin sabo ya yi tsada. Kowace dala da aka rage a kuɗin sandar tiyo, ƙarin fangali ce.

Buhu ma haka. Albasar da ake lodawa zuwa Gana da Kodebuwa, simintin Malbaza, taki, gero, wake, babu wanda ke tafiya ba buhu. Dubi buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da na jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa tun wajen 2007: leda mai kauri biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure bakin kowanne dabam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Manomi ya ajiye wakensa har bazara ya sayar da daraja, iyalinsa kuma ba su ci guba ba. Wannan roba ce mai albarka. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, ya kamata a ce buhun nan a Maraɗi ko Ƙonni ake yin mafi yawansa.

Na san abin da za a ce. Kano ta riga mu da shekaru masu yawa, tana da injuna da ƙwararru, tun da naira ta faɗi a 2023 kuma kayanta sun ƙara arha ga mai sefa. Gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi takara da Kano a bokiti ko kofi. Amma tiyo da tankin ruwa da bido kaya ne masu cin wuri, rabin motar da ta ɗauko su iska ta ɗauko. Mota ɗaya ta ƙwaya tana haifar da motoci da yawa na tanki. A irin waɗannan kaya, wanda ya ƙera kusa da mai saye shi ke da riba. Babbar matsalar ita ce wuta. Injin narka roba in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, robar ta daskare a cikinsa, an yi asarar kaya da yini. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya. Duk gwamnatin da ke son masana'antar roba a wannan yanki, ta fara da layin wuta tsayayye zuwa fili guda a Ƙonni ko Malbaza, inda tuni akwai tashar hasken rana tun 2018, sannan duwan ta sauƙaƙa shigowar ƙwaya da injuna, ta daina riƙe mota kwana da kwanaki a kan iyaka.

Arhar ƙwaya tana da ɗaya fuskar, ita ce ta fi damuna. Abin da ya fi sauƙin yi da foli'etilin mai arha shi ne baƙar leda, wadda ake zuba ƙosai a ciki a yar bayan minti biyar. Ku tambayi mahautan Tawa abin da suke tararwa in sun farke tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a bayan gari: dunƙulen leda da igiya, baƙi ƙirin, ya murɗe ya yi tauri, dabbar tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. A ƙasar da dukiyar talaka ke tafiya da ƙafa huɗu, wannan asara ce ta kuɗi tsagwaronta. Ledar ce kuma ke toshe magudanan ruwa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen laka.

Muna da doka. Tun 5 ga Nuwamban 2014 doka mai lamba 2014-63 ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda marar kauri. Fiye da shekara goma ke nan, kowane mai tebur yana ba da ita kyauta. Ruwanda ta hana tata a 2008, Kenya a 2017, sun kuma tsaya a kan maganarsu. Bin mai ƙosai da tara zalunci ne kuma ba zai yi aiki ba. Ledar a manyan dila take shigowa, ta hanyoyin da aka sani, ta hannun 'yan kasuwa ƙalilan. Can ya kamata a tsaya.

Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa sake sarrafawa zai share mana gari. A duniya duka kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa, in ji OECD. In sabuwar ƙwaya ta yi arha, tsohuwar roba darajarta faɗuwa take. Yaron da ke yawo da buhu yana tsintar fasassun bokitai da tsofaffin silifa, da mai sikelin da ke saye a hannunsa ya niƙa ya tura Kano, su ne na farko da za su ji a jikinsu. Leda marar kauri kuwa ko yanzu ba mai tsintar ta, don ba ta da nauyin da za a auna. Masana'antar tiyo ko bido a cikin jihar ita ce za ta ba fasasshen bokiti mai saye na kusa, musamman in hukuma ta ce duk tiyon magudana da tankin da za ta saya da kuɗin gwamnati sai an gauraya tsohuwar roba a ciki. Wannan sharaɗi ne da ma'aikatar kasuwanci da ta muhalli za su iya rubutawa a takardar kwangila tun bana, ba sai an jira Doso ba.