Iska ta fi nauyin wili cin ƙarfi

Wani marubuci ya ce rage nauyin wili ne sirrin gudun keken tsere. Ni dai ban gamsu ba. A miƙaƙƙiyar hanya, da ka wuce kilomita 30 a awa, yawancin ƙarfinka iska ke cinyewa, kuma jikinka ya fi keken tare ta. Giram 200 a kan mutum da keke masu kilo 80, me zai rage? Sai dai a hawan dutse mai tsauri. A 1989 ɗan tseren keke Greg LeMond ya duƙa kan ƙahon keke na musamman mai rage tare iska, ya kayar da abokin karawarsa Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal a gasar tseren keke ta Tour de France. Wili mai zurfin gefe fa, wanda ake yi don yanke iska, in iska ta buso ta gefe, sai ka ji keken na fizgar hannunka.