Feja ta toshe mana rifita, ma'aikacinsu ya ce mu sayi waya

Ranar Asabar da ta wuce aka yi mana cin fuskar da ta kai mu bango. Duk mai lasisin rediyon sha'awa a nan Amurka da ke hawa zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 148, ya san wannan gurnanin. Ana tsakiyar magana sai ƙara kamar ta injin niƙa ta rufe rifita, wato na'urar da ke karɓar maganarmu ta sake watsa ta nesa, ta yi daƙiƙa biyar ko goma, ta lafa, ta dawo. Saƙon feja ne, 'yar na'urar nan da ake aika wa gajeren saƙo ta rediyo. Shekara da shekaru muna haɗiye shi, mu rubuta takarda a yi shiru, mu buga waya a ce mai kula da wajen ba ya nan.

Lissafin ba shi da wuya. Rifitarmu tana watsawa a megahaz 146.940, tana saurare a 146.340, tazarar kilohaz 600. A kan hasumiya ɗaya da mu akwai tiransimita biyu na kamfanin feja, ɗaya a 152.240, ɗaya a 152.840, kowace tana fitar da ɗaruruwan wat. Tazararsu ma kilohaz 600 ce. Haɗa 146.940 da 152.240, ka cire 152.840, abin da zai fito 146.340 ne, ƙofar kunnen rifitarmu daidai. Duk lokacin da su biyun suka tashi tare alhali tamu tana watsawa, siginonin uku suna cakuɗewa a wani wuri su haifi na huɗu. Aikin shi ne gano wurin.

Ba mu je musu da zargi kawai ba, sai da muka binciki gidanmu. Da muka kashe tiransimitarmu ƙarar ta ɗauke, wato siginarmu tana cikin cakuɗar. Muka cire ƙaramar amfilifaya da ke gaban risiba, don ita ce ta farkon shaƙewa idan sigina mai ƙarfi ta buge ta. Ƙara na nan. Muka sa na'urar rage ƙarfi ta dB 10 (dB ma'aunin ƙarfin sigina ne) tsakanin risiba da dufleksa, wato na'urar da ke sa watsawa da saurare su raba eriya ɗaya. Da a cikin risiba ake cakuɗar, ƙarar za ta faɗi da kusan dB 30, tunda siginoni uku ne kowace ta ragu da 10. Da 10 kawai ta faɗi, wato a haɗe take zuwa daga waje. Muka ƙara gwangwanin filta mai barin zangonmu kaɗai ya wuce, saboda dufleksa mai toshe lamba ɗaya tak ba ta tare siginar feja ta 152. Muka cire wayar LMR-400, wadda takardar alminiyom da saƙar cikinta ke gogar juna suna haifar da ƙara a rifita, muka sa RG-214 da mahaɗan N masu ruwan azurfa. Bayan amfilifayarmu akwai aisoleta, mai hana sigina daga waje komawa cikin amfilifaya, da filtarta tun tuni. Saura wuri biyu: tsatsar noti a jikin hasumiya, ko cikin amfilifayarsu. Ƙarar tsatsa takan canja da iska da ruwan sama. Wannan ba ta motsi, rani da damina.

Da wannan takardar gwajin dattijon ƙungiyarmu ya tari ma'aikacin kamfanin a ɗakin na'urori. Mutum ne da ya haura saba'in, ya riƙe lasisi tun kafin a haifi yaron. Ya gaishe shi, bai amsa ba, idonsa na kan kwamfuta.

"Malam, alfarma muke nema," in ji dattijon. "Ka duba mana ko akwai aisoleta a bayan amfilifayoyinku. In babu, siginarmu tana shiga ta eriyarku ta cakuɗe a can."

"Na'urarmu lafiyarta ƙalau."

"Ba mu ce ta lalace ba. Minti biyu muke so. A sa aisoleta tamu a ɗaya daga cikinsu na ɗan lokaci mu saurara. In ƙarar ba ta ragu ba, mu ba ku haƙuri mu hau neman tsatsa."

Ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Yaron bai karɓa ba. Ya dube ta daga nesa, ya ture ta da bayan biro har ta faɗi ƙasa, ya bar dattijo ya sunkuya ya ɗauka.

"Mu kuɗin haya muke biya a nan, ku kyauta aka ba ku. Ku sa sautin tsaro mana."

Dattijon ya yi masa bayani a tsanake cewa sautin tsaron, wato CTCSS da rifita ke jira ta ji kafin ta buɗe, ba ya kashe ƙarar, rufe mata baki kawai yake yi. Rifita ba za ta buɗe da kanta ba, amma da mai ƙaramar rediyon hannu ya kira daga nesa, gurnanin zai danne shi. In kuma sautin shiga da na fita iri ɗaya ne, cakuɗar tana ɗauko sautinmu ta dawo da shi, rifita ta riƙa buɗe kanta.

Sai yaron ya yi dariya ya ce, "Tsofaffi da abin wasan yara. Ku sayi waya mana."

Wannan rashin tarbiyya ne, kuma jahilci ne a wajen mai riƙe da maƙullin ɗakin tiransimita. Ba wanda ya ce a kashe feja, mun san asibitoci na dogara da ita. Aisoleta da filta a kowace tiransimita shi ne mafi ƙarancin abin da ake yi a hasumiyar da mutane da yawa ke rabawa. Wanda bai san wannan ba bai cancanci taɓa wayar eriya ba.

Amma wa ya ɗaure masa gindi? Gwamnatin da ta ba mu 144 zuwa 148 a takarda, ta sa mu jarrabawa kafin lasisi, sannan a 2015 ta yanke shawarar rufe ofisoshi 11 cikin 24 na jami'an da ke bin diddigin irin wannan kutse. Wa zai zo da na'urar awo yanzu? Masu hasumiya kuwa sun mayar da ita gidan haya, a cusa eriya kan eriya, a bar tsofaffin wayoyi suna ruɓewa a sama, a karɓi kuɗi ƙarshen wata. Da guguwar Maria ta rusa layukan waya a Puerto Rico a 2017, masu wannan "abin wasan" aka nema suka je suka ɗauki saƙon agaji. Ranar bala'i ana tuna mu, da gari ya waye a ce mu sayi waya. Mun soma rubuta lokacin kowace ƙara tare da hoton allon RTL-SDR, 'yar risibar da ake haɗawa da kwamfuta, da ke nuna fejojin biyu sun tashi tare, kuma ranar Litinin takardar za ta tafi wajen mai hasumiya da shugaban yaron, har da maganar da ya faɗa wa dattijonmu kalma bayan kalma.