Lasifika Mai Girgiza Ƙirji Ba Ita Ce Mafi Inganci Ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa lasifikar da ta fi girgiza ƙirji ita ce mafi inganci, alhali kuwa ingancinta shi ne ta fitar da sauti yadda aka naɗe shi. Kamfanoni sukan ƙara wa lasifikar gida kaurin amo da kaifin siririn sauti da gangan, domin mai saye a shago ɗan lokaci kaɗan yake saurare, cikin hayaniya, kafin ya ciro kuɗi. Tsakiyar sauti, inda muryar mutum take, ita ke shan wahala, har kalmomin mawaƙi su nutse a ƙarƙashin ganga. Shi ya sa masu haɗa sauti a sutudiyo suke amfani da lasifikar da ba ta yi wa sauti kwalliya.