Ranar Da Na Rataye Malam Kamar Jemage

Waɗanda muka yi aji ɗaya sun san furojet ɗina, ba sai na ja zance ba: a zuba hoto cikin ma'ajiyar FPGA (guntun lantarki da kai kake tsara masa aikin da zai yi), a fito da shi a monita, a tura maɓalli ya zana gefunan abin da ke ciki. Allon Basys 3 ne, guda ɗaya tal, mu huɗu muna karɓa-karɓa kamar butar masallaci.

Wahalar farko wuri ne. Ma'ajiyar da ke cikin guntun Artix-7 na allon tubali 50 ce, kowanne kilobit 36, jimla bit 1,843,200. Hoton 640 a 480 kuwa ɗigo 307,200 ne, kowane ɗigo yana cin bit 12, don tashar VGA ɗin, inda ake soka wayar monita, bit huɗu-huɗu take ba ja da kore da shuɗi. In ka buga, 3,686,400. Ninki biyu cif, wato buhu biyu na gero ake so ka juye cikin buhu ɗaya. Na rage shi zuwa 320 a 240, ya zauna daram. Na rubuta ɗan shiri da Python mai karanta fayil ɗin hoto na BMP bayit bayan bayit, ya jera lambobin a fayil ɗin COE, shi kuma Vivado, manhajar da ake loda allon da ita, ya cusa su cikin ma'ajiyar. Hoton gwajina farar da'ira ce a tsakiyar baƙin fili. Wata biyu tana fitowa tas. Ku riƙe da'irar nan a ranku, munafuka ce.

Daren difens, wato jajibirin ranar kare furojet a gaban malamai, sai neman suna ya motsa min. Na ce da'ira ai kowa ma zai iya, bari in sa hoton Malam, mai duba furojet ɗina, ya ga kansa a monita zuciyarsa ta yi sanyi. Na kwafo wanda ke WhatsApp ɗinsa, mai jar dara da shuɗiyar shadda, kun san shi. An kulle lab tun la'asar, babu monitar da zan gwada. Vivado dai ya gama aikinsa bai ce uffan ba, ni ma na yi addu'a na kwanta.

Da safe ga Malam, ga shugaban sashe, ga baƙon farfesan da aka gayyato daga wata jami'a, ga 'yan ajinmu sun cika taga. Na yi bayani da Turancin da na haddace, har na ƙara da cewa akwai ɗan abin mamaki da na tanadar wa malamina. Wallahi da bakina na faɗa. Na loda, na juya ina kallon fuskokinsu ina murmushi, ban ko kalli monitar ba, irin na wanda ya yarda da kansa.

Shiru. Irin shirun da har kukan fanka kake ji.

Na waiga. Malam ne, ba shakka, amma kansa a ƙasa, kafaɗunsa a sama, yana reto kamar jemage a bishiyar ɗurumi. Fuskarsa shuɗiya shar, sai ka ce yanzu aka tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Jar darar ta koma shuɗiya, shaddar ta koma ja. Bai tsaya nan ba: an yanke gefen kafaɗarsa ɗaya an liƙa a ɗaya ɓangaren monitar, tana zaune ita kaɗai kamar ba ta san shi ba. Kuma yana murmushi. Murmushin nan ne ya fi kashe ni, domin idan aka kifa murmushi, abin da yake komawa ba ya da daɗin gani.

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya karkata kai dama, ya ƙara karkatawa, har hularsa ta nemi faɗuwa. Sai ya ajiye Turanci gefe, ina jin don tausayi.

"Ɗana, wane ne wannan?"

"Malam ne, ranka ya daɗe."

"Wane malamin?"

Na nuna shi da hannu. Da yatsa! Malam ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar ranar ya fara ganinsa. Shugaban sashe ya kama tari, tarin da kowa ya san ba tari ba ne. A taga kuwa na ji wani ya zame ƙasa.

"Kafin ka loda, ka cire kan?"

"Kan Malam, ranka ya daɗe?"

Nan ɗakin ya fashe. Ni har ga Allah tambaya nake da gaske. Ashe kan fayil yake nufi: bayit 54 da ke farkon BMP, masu faɗin tsawo da faɗin hoton, ba launi ba ne. Ni na kwashe su duka na zuba a matsayin hoto. Kowane ɗigo bayit uku, 54 a raba uku 18, shi ya ture komai da ɗigo 18 har kafaɗa ta zagayo ta wancan gefen. Farfesa ya ci gaba da lissafo min zunubaina a hankali, yana naɗe yatsu. BMP daga layin ƙasa yake fara ajiya ya hau sama, ni kuma na fara zubawa daga sama. Launi kuma shuɗi yake fara rubutawa, sai kore, sai ja, ni na ɗauka ja ne a gaba. Da'ira fara a baƙin fili, ka kifa ta da'ira ce, ka musanya mata ja da shuɗi fara ce, ka ɗan ture ta gefe wa zai lura? Wata biyu tana kallona tana rufa wa kurakurai uku asiri.

Da na yi shiru a nan, da an ce yaro ya yi kuskure. Ina! Sai na ce, "Yallaɓai, akwai gyara," na rungumi monitar na kifa ta. Malam ya miƙe tsaye, gaskiya, amma hagu ta koma dama, kuma yana nan shuɗinsa. Wayar VGA gajera ce, ƙafar monitar tana sama, ba inda zan ajiye. Haka na tsaya rungume da ita a ƙirji kamar ragon suna, fuskar Malam a kan cikina, gumi yana bin bayana, ina cewa wani ya taimaka ya tura maɓallin Sobel, mai zana gefunan hoto, a ga gefuna.

Wanda ke kusa da allon shi ne mutuminku. Ba zan kama suna ba, amma duk wanda aka taɓa ara wa caja a hostel bai dawo da ita ba ya san shi. Mutumin da tun aji ɗaya wayarsa ba ta taɓa wuce kashi 5 ba. Mutumin da ya shanye min garin kwaki na sati biyu ya ce ɓera ne, ɓeran da ya san inda nake ɓoye sukari har ya mayar da murfi. Shi ne mai difens bayana, zaman jira yake. Ya dubi teburi, ya ga waya mai ƙaramin baki irin ta wayarsa, ya zare ta daga allon ya soka. Ita ce ke ba allon wuta. FPGA kuwa da wuta ta yanke ya manta duk abin da aka loda masa, sai in ka rubuta a filashi, wurin ajiyar da ba ya gogewa in wuta ta yanke, ni kuma ban rubuta ba. Monita ta yi baƙi a hannuna.

Har yau cewa yake wai ceto na ya yi, wai da Sobel ya zana Malam da farin layi a baƙin fili, da aljani sosai za a gani, da sai na maimaita shekara. To ko da gaskiyarsa, wa ya aike shi? Kuma ba don ni ya yi ba, na ga wayar, kashi 3 take. Ranar walimar kammalawa ma shi ya fara ba da labarin, har da kwaikwayon yadda na rungumi monita, da faranti.

Gyaran layi uku ne, na yi shi a minti goma da yamma. Malam bai taɓa ɗaga maganar ba, ya sa hannu a takardata yana kallon wani wuri. Daren ranar dai ya canza hoton WhatsApp ɗinsa zuwa fure.

Wayar allon kuma ta lab ce, ni aka sa na biya, don har yanzu tana wurin mutuminku.