Esin ɗakin baƙi

Lalaci ne ya ja mini, ba zan ɗora wa kowa ba.

Aikina zanen gine-gine a kwamfuta, a wani ofishin masu zayyana gidaje a Kano. AutoCAD muke amfani da ita, manhajar kamfanin Autodesk da ta fito tun 1982, ta girme ni nesa ba kusa ba. A cikinta, duk abin da za ka riƙa maimaitawa a zane, kamar soket ko fanka ko ƙwan fitila, sau ɗaya kake zana alamarsa, ka ɗaure ta ta zama bulok, ka raɗa mata suna, daga nan sai ka yi ta dasawa. Sunan nan ba ya fita a takarda. Daga kai sai kwamfutarka sai Allah. Shi ya sa na mayar da wurin raɗin suna inda nake huce haushi.

Ranar nan Oga ya ba ni zanen wayarin na gidan wani Alhaji, bene hawa ɗaya, ya ce kowace alama a rubuta sunanta a gefe, don mai haɗa wutar ya ce ba zai iya ta komawa jadawalin ƙasa yana dubawa ba. Na ƙirga alamomin, sun haura 200, iri 14. In zauna in buga su ɗaya bayan ɗaya? Ni da ko abincin rana ban ci ba?

Sai na tuna wata dabara. Ka buɗe bulok ɗin da umarnin BEDIT, ka sa masa gurbin rubutu da umarnin ATTDEF, amma maimakon ka buga sunan da hannu, sai ka cusa FIELD, wato rubutun da ke cika kansa da kansa, a gurbin, ka zaɓi BlockPlaceholder, ka ce sunan bulok ɗin kake so ya riƙa nunawa. Ka fita, ka buga ATTSYNC, duk alamomin da ka riga ka dasa su karɓi sabon gurbin. Sau 14 kawai na yi, maimakon 200. Rubutu ya bazu a zanen kamar an watsa gero, kowanne da ɗan shafin toka a bayansa, alamar ba hannu ne ya rubuta shi ba. Na matso kusa da guda ɗaya na duba: SOKET 13A. Tsaf! Na jingina da kujera ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro manhajar.

Guda ɗayan nan kaɗai na duba. Aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuma na minti goma ne in ya yi kirki. Na fitar da PDF a gurguje, na tura wa mai firinta ya buga a babbar takarda, A1.

Washegari Alhaji ya zo, tare da Hajiya. Oga ya shimfiɗa takardar a tebur, ya danne gefunan da waya da makullin mota. Ni ina tsaye a baya, hannu a aljihu, ina jiran yabo.

Alhaji ya gyara tabarau ya sunkuya. “Injiniya, wannan fa? Da dala za mu sayi fitilun falo?”

Na leƙa. A$C, sai tarin lambobi da haruffa a bayansa. Sunan da manhajar ke laƙa wa abu da kanta ke nan idan ka kwafo shi ka manna a matsayin bulok ba ka raɗa masa suna ba. Fitilun nan daga tsohon zanen wani gida na ɗebo su. Na ce, “A’a ranka ya daɗe, lambar kwamfuta ce kawai.” Ya ce to, Allah ya sa.

Oga bai ce komai ba, domin idonsa na kan ɗakin maigadi, inda aka rubuta fankar_oga_mai_rowa. Ita ce ƙaramar fankar da yake cewa a sa wa kowa don a rage kuɗi. A kicin kuma ga makunni_karo_na_biyar_Alhaji_ya_sake_canzawa, ya yi tsawo har ya ratsa bangon sito. Na ji gumi yana bin gadon bayana, alhali janareto na aiki, fanka na kaɗawa.

Duk wannan mai sauƙi ne.

Akwai wani sashe a bayan gidan, ɗaki da falo da banɗaki, da ƙofarsa daban. Tun farkon aikin Alhaji ya ja mu gefe ya ce a takarda a rubuta ɗakin baƙi. Haka na rubuta, da manyan baƙaƙe, har yanzu yana nan. Sai dai esin sashen, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi na sauran ɗakuna girma, don haka na yi masa bulok nasa daban, na ba shi sunan da zan gane shi da shi.

Hajiya, da tun zuwanta ba ta tanka ba, ta ɗora ɗan yatsa mai lalle a wurin. Ta karanta a hankali, kamar mai koya wa yara: “Esi… ɗakin… amarya.”

Ofishin ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Alhaji ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.

Ta juyo ta kalle ni. “Ɗan nan, kai ka rubuta?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, kwamfuta ce.”

“Ita kwamfutar wa ya gaya mata?”

Oga ya ce kuskuren fasaha ne, yanzun nan za a gyara. Gyaran kuwa ba shi da wuya, daɗin dabarar ke nan: na buga RENAME na sauya sunayen, na buga REGEN don zanen ya sabunta, rubutun duka ya bi sabon suna nan take. Ko minti biyar ban yi ba. Na juyo da kwamfutar na nuna musu, ga shi nan fes, ESI ƊAKIN BAƘI.

Hajiya ta ce ma sha Allah, aiki ya yi kyau. Sannan ta ɗage wayar Oga da makullinsa, ta naɗe tsohuwar takardar, ta ninka ta gida huɗu ta sa a jaka. Ta ce sabuwar mu ba mai haɗa wuta, ita wannan ta ishe ta.