Shanun da ke jikin dutsen Birnin Kudu ba su da tozo

Jama'a wannan abin ya daɗe yana ci min rai, yau dai sai na faɗa. Ranar Asabar bayan la'asar muka hau Dutsen Kufena ni da ƙanena da abokansa 'yan Samaru, wallahi duk inda ka juya an rubuta suna da fenti a jikin dutse, wani da gawayi, wani ma ƙusa ya sa ya karta. Sai ƙanena ya ce "Yaya ai dutse ne, me zai ragu?" Nan take Birnin Kudu ta faɗo min a rai.

Da yawanmu ba mu san a jihar Jigawa akwai zanen mutanen da can can a jikin duwatsu ba, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Wani Bature Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a kan kayan tarihin Nok da ke kudancin Kaduna, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, amma mutanen garin sun san da su tun kafin ya zo. Na je na gani da idona, sai ka sunkuya ƙarƙashin dutsen idonka ya saba da inuwa tukuna, sannan ka fara ganin shanu da jan launi, ƙahonni dogaye, kuma abin da ya tsaya min a zuciya shi ne ba su da tozo. Ka duba duk shanun da ke ratsa hanyar Kano yau, kowacce da tozonta. Wato wanda ya yi zanen wani irin garke ya sani daban da namu, ya bar mana shaida ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Ga kuma duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙuge, har gurbin dukan ya yi santsi saboda yawan hannayen da suka buga.

To a gabana wani saurayi ya fasa ledar fiya wata ya watsa wa zanen, wai don ya fito sosai a hoto. Na yi masa magana ya ce "Malam ai ruwa ne kawai". Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ku ji abin da ya faru a Faransa. A 1940 wasu samari huɗu suka gano kogon Lascaux, cike da zanen dawakai da bijimai na wajen shekara 17,000. Aka buɗe wa jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa, numfashinsu kawai da zafin jikinsu da hasken fitilu suka canza iskar kogon har gansakuka ta fara cin bango, dole aka rufe a 1963. Sai aka gina kwafinsa a kusa aka buɗe a 1983, baƙi suka koma zuwa can. Da aka gano kogon Chauvet a 1994 ba a ma bari jama'a sun shiga ba sam. Numfashi fa! Mu kuma ruwa da fenti da hayaƙin ƙona daji, ga masu fasa dutse suna sayar da tsakuwa tifa-tifa.

Na san wani zai ce ai kayan maguzawa ne, me ruwanmu. Ɗan'uwa ba wanda ya ce a bauta wa dutse, Alƙur'ani ma cewa ya yi mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, to me za mu duba in mun goge?

Muna da sashen nazarin kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) nan Samaru, ɗalibai suna nan. Ina roƙon malaman makarantun Zariya su riƙa gayyato su suna yi wa yara bayani kafin a kai su yawon buɗe ido kan dutse. Ƙanena dai na yi masa alkawari, hutun nan zan kai shi Birnin Kudu ya nemo min tozo a jikin shanun nan da kansa.