Ƙishirwa ba ta jin maganin ciwon kai

Jama'ar Tawa, bazara ta kama, kuma abin da ke faruwa a wuraren gini da tashoshin kabu-kabu yana tayar mini da hankali. Saurayi ya wuni cikin rana, kansa na sarawa, maimakon ya nemi ruwa sai ya kira mai tallar magani, ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya koma bakin aiki.

Jikin mutum yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, ko da garin ya haura 40 a Afirilu da Mayu. Akwai wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke auna zafin jini da kaurinsa dare da rana. Da zafi ya ɗaga, sai ya sa hanyoyin jini na fata su buɗe, zufa ta keto, iska ta busar da ita ta tafi da zafin. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yakan zubar da zufa fiye da lita ɗaya a awa guda, har da gishirinta.

To, ruwan nan daga jini ake ɗibarsa. In ya ragu, ƙwaƙwalwa takan aika wa ƙoda wani sinadari, ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsari ke raguwa, ya yi ja kamar shayi. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu suna tace kusan lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jini. Aikin nan ba ya yiwuwa sai jini na isa gare su. A daidai lokacin da suke fama da ƙarancinsa ne ake antaya masu diklofenak ko ibuprofen, magungunan kashe ciwo da ke ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda. Duk wanda ya taɓa rakiyar ɗan'uwansa wankin ƙoda a Yamai ya san wahalar da nake nufi.

Ban ga laifin yaran nan sosai ba, neman abinci suke yi. Da ku nake, iyayen gidansu, ƴan kwangila da masu gini. Ku girke randa a inuwa, a fara aiki da asuba, a huta daga azahar zuwa la'asar. In kuka ga lebura ya rikice, jikinsa zau, yana sambatu, ku ja shi inuwa, ku kwarara masa ruwa a jiki, ku yi masa fifita, ku garzaya da shi likita nan take.